Kasuwar gida ko ta intanet: ina mai haɗa sauti zai sa ƙarfinsa?

Duk matashin da ya iya miksin, wato haɗa sautin waƙa, har kunnensa ya fara faɗa, ya bar ƙarƙashin maigida ya fara cin gashin kansa, akwai tambayar da ke jiransa. Zai zuba ƙarfinsa ne a kan mawaƙan gida, na Kano da Kaduna da Jos, waɗanda za su zo su zauna a bayansa har a gama aiki? Ko kuwa zai buɗe shafi a Fiverr ko SoundBetter, dandalin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu neman aikinsu, ya jira baƙon da bai taɓa gani ba ya turo masa waƙa daga Landan ko Atlanta? Mutane kan ce a haɗa biyun. Daga baya ana haɗawa, amma a shekarun farko lokacinka da ɗan jarinka ba za su ishi biyun ba, kuma kowace kasuwa da irin halin da take nema a wurinka.

Mu fara da kuɗi, tunda su ne ke jan hankalin yara zuwa waje. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin nan dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai haɗa sauti ya ji wannan a jikinsa fiye da masu sana'o'i da yawa, domin babu abu ɗaya cikin kayan aikinsa da ake ƙerawa a nan. Kwamfutar, akwatin shigar da sauti irin su Focusrite, sifikokin sutudiyo, hedifon, lasisin manhaja, duk da dala aka sa musu farashi. Idan kana karɓar naira kana sayen kaya da dala, kullum kana bin abin da ya fi ka gudu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da kasuwar waje take da ita, kuma ban ga dalilin raina ta ba.

Sai dai dalar da aka rubuta a shafi ba ita ce ke shiga aljihunka ba. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk cinikin da ka yi, wato aikin dala 100 dala 80 ce taka. Bayan mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin, ya amince, sabon mai sayarwa zai jira kwana 14 kafin kuɗin su zama nasa, sannan a bi da su ta kamfanin aika kuɗi irin Payoneer ko makamancinsa, a can ma a ɗan gutsura. Shekaru da dama PayPal bai bar masu asusu a Najeriya su karɓi kuɗi ba, sai dai su aika, abin da ya rufe wa mutane ƙofar ciniki kai tsaye da baƙi masu yawa. Waɗannan duk ana iya jurewa. Abin da ya fi wuya shi ne layin da ka shiga. A ranar da ka buɗe shafinka babu tauraro ko ɗaya na yabon masu aiki a kansa, kuma kana gogayya da wani a Poland ko Brazil ko Indiya wanda mutum ɗaruruwa suka yaba wa aikinsa, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba ya yankewa. Abin da sababbi ke yi shi ne karya farashi. A ce ka sa dala 20. Dala 16 za ta rage maka, a kan waƙar da za ta cinye maka yini guda, ban da gyare-gyare, ban da mai, ban da data.

Datar ma ba ƙaramin abu ba ce, kuma yara ba sa lissafa ta sai ta ƙare a tsakiyar sauke fayil. Layin sauti ɗaya na WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, mai ingancin bit 24 a kan 48 kHz, yana cin kusan megabait 8.6 a kowane minti. Waƙar minti huɗu mai layi 40 ta kai gigabait 1.4, idan rabin layukan na kunne biyu ne ta haura gigabait 2. Za ka sauke wannan, ka yi aiki, ka ɗora abin da ka gama, wani lokaci a ce ka ɗora kowane rukuni daban. Ga kuma bambancin lokaci: New York tana bayanmu da awa 5 ko 6, Los Angeles da awa 8 ko 9. Mai aikinka zai turo gyara lokacin da kake shirin kwanciya, kuma waɗannan shafuka suna auna saurin amsarka.

A gida lissafin daban ne. Kuɗin waƙa ɗaya bai kai na waje ba, wannan kowa ya sani, amma aikin yana zuwa da ƙafarsa kuma yana da lokutansa da za ka iya shirya wa. Bayan sallah da ƙarshen shekara bukukuwa ke yawa, ga waƙoƙin amarya da ango. Watan Maulidi na masu bege ne. Kakar zaɓe kuwa sutudiyo ba ya barci. A azumi kiɗa kan lafa, amma wanda ya iya tsabtace murya yana samun aikin karatu da wa'azi. Sannan ga finafinai masu dogon zango da ake sakawa mako-mako a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A ganina nan ne gurbin da ya fi kowane faɗi, kuma masu haɗa sauti ba su cika dubansa ba saboda kowa waƙa yake so. Kyamarorin Kannywood sun yi kyau ƙwarai a 'yan shekarun nan, amma sau da yawa za ka ji murya tana hawa tana sauka tsakanin fitowa da fitowa, ko gurnanin janareto yana bin maganar jarumi. Wanda ya ƙware a cire wannan gurnani, wanda a wutarmu yake zaune a 50 Hz da ninkinsa 100 da 150, ya kuma daidaita ƙarfin murya daga farkon shiri zuwa ƙarshe, ya samu aikin da ke dawowa duk mako. Babu baƙon Fiverr da zai ba ka wannan tabbacin.

Ciwon kasuwar gida bashi ne, kuma uwar bashin kunya ce. Mawaƙin abokinka ne, ko ƙanin abokinka, ko wanda kuke haɗuwa a masallacin unguwa. Ya zauna har dare, an gama, ya ji daɗi, ya ce: "Oga, tura min ta waya in ji a mota, gobe za ka ji alat." Ka tura. Jibi ka ji waƙar tana tashi a cikin A Daidaita Sahu, alat kuwa shiru. Idan ka kira sau biyu ka zama mai son kuɗi. Waƙar siyasa ta fi tsoka amma ta fi haɗari, domin idan ɗan takara ya faɗi, wanda ya kawo aikin ma nemansa ake yi. A Kano akwai ƙarin abu guda: Hukumar Tace Finafinai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, tana da ta cewa a kan waƙoƙi, kuma waƙar da aka hana ba za ta kawo wa mai ita abin da zai cika maka ba. A nan shafukan waje sun yi mana fintinkau. Mai aiki yana biya tun kafin ka taɓa komai, kuɗin suna ajiye a hannun shafin, ba sai ka bi kowa ba. Kashi 20 ɗin da ake cirewa, rabinsa kuɗin wannan kwanciyar hankali ne.

Akwai wani bambanci da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ne ya fi shafar yadda za ka sa farashi. A waje miksin sana'a ce mai zaman kanta. Ana turo maka layuka a tsare, an riga an zaɓi ɗaukar da ta fi kyau, aikinka ka haɗa. Gyaran karin murya kuɗinsa daban, daidaita lokaci daban, mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a saki waƙa, daban, fitar da kiɗa zalla ko murya zalla daban. A gida kuwa "a yi min waƙa" yana nufin komai: kai ne mai kiɗa a kan fiyano, kai ne mai ɗaukar murya, kai ne mai koya wa 'yar amshi inda za ta shiga, kai ne mai miksin da mastarin, duk a kuɗi ɗaya. Ko kuma a kawo maka kiɗan da aka riga aka murƙushe a MP3, da muryar da aka ɗauka fanka na kaɗawa, a ce ka mayar da ita kamar ta Legas. Idan ka zaɓi gida, aikinka na farko shi ne raba waɗannan a bakin ciniki. Ka ce kiɗa kaza, ɗauka kaza, haɗawa kaza. Ko da a ƙarshe jimillar ba ta canza ba, mawaƙi ya san cewa haɗa sauti abu ne mai farashi, kuma ran da ya ɗauki murya a wani wuri zai san akwai wanda ake kai wa haɗawa.

Sai maganar gyara, wadda take cinye ribar masu wannan sana'a a ko'ina. A shafukan waje kana rubuta adadin gyaran da ke cikin farashi, biyu ko uku, abin da ya wuce nan a biya. Amma kada ka ɗauka rubutun ya kare ka gaba ɗaya, domin mai aiki yana riƙe da taurarinka, kuma sabon shafi ba ya jure mummunan sharhi ko ɗaya, sai ka ga kana yin na biyar kyauta. A gida gyaran yana faruwa ne a gabanka. Mawaƙi na zaune a bayanka da abokansa uku, ɗaya ya ce a ƙara murya, ɗaya ya ce ganga ta yi ƙasa, na ukun ya ciro wayarsa ya kunna waƙar wani ya ce haka ake so. Abin yana gajiyarwa, amma makaranta ce da babu irinta. Kana ganin fuskar mutum lokacin da amshi ya shigo, kana gane abin da yake nufi da "ta yi sanyi" ko "ba ta cika ba". Wanda ya yi shekara biyu a wannan kujera ya iya fassara maganar mai aiki zuwa abin da hannu zai taɓa, kuma wannan ita ce rabin sana'ar. Shawarata kawai ita ce ka yi haɗin farko kai kaɗai, ƙofa a rufe, sannan ka kira su, kuma ka nemi mutum ɗaya ya zama mai magana.

Yanzu ga inda nake ganin mizanin ya karkata. A kasuwar waje kunnenka ɗaya ne cikin dubbai, a gida kuwa kana da abin da ƙwararren Amurka ba shi da shi: kana jin abin da ake faɗa. Mai sauraron Hausa baiti yake bi. Zai yafe maka kiɗa mara nauyi, ba zai yafe maka kalmar da ta nutse ba. A waƙar biki, sunan amarya da na ango da na iyayensu shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma kai ka san a wane daƙiƙa ya faɗo, ka san ka ɗaga shi kaɗan ka janye fiyano daga hanyarsa. Ka san idan aka matsa wa na'urar rage kaifin murya, "ts" da "sh" za su dushe har magana ta lalace. Ka san kalangu ba ganga ce kawai ba, yana hawa yana sauka yana faɗin nasa, kuma yana zaune kusa da muryar mawaƙi, dole a raba musu wuri ba tare da an kashe ɗaya ba. Ka san yawan Auto-Tune, manhajar gyara karin murya, da salon nanaye yake ɗauka da wanda mai bege zai ƙi. Ka kuma san inda za a saurari aikin: ƙaramar sifikar waya, akwatin Bluetooth a shago, lasifikar mai DJ a filin biki. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarfin sauti a wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, saboda haka matse waƙa fiye da kima ba ya ƙara mata komai a can, amma fayil ɗin da ke yawo daga waya zuwa waya babu mai daidaita shi, wanda ya fi ƙara shi ake ji. Mai haɗa sautin gida da ya san wannan yakan fitar da kwafi biyu, kuma ya dace ya sa wa na biyun kuɗinsa.

Suna ma haka. A Fiverr mai aikin na shafin ne, ba naka ba. Dokarsu ta hana ka jan shi waje ku yi ciniki, kuma ran da aka rufe maka shafi duk taurarin sun tafi. A gida mawaƙi kan ambaci mai kiɗa da sutudiyo a cikin waƙar kanta, sunanka ya shiga duk inda ta shiga. Wannan talla ce da ba a sayenta. Ka roƙi a rubuta sunanka a ƙarƙashin bidiyo a YouTube da Audiomack, ka mayar da shi sharaɗi tun farko, domin bayan an saki waƙa babu mai komawa ya gyara.

A kasuwannin biyu za a yi maka tayin kaso maimakon kuɗi: "idan waƙa ta fashe, da kai za a ci." A Amurka wannan yana da tsari. Manyan masu haɗa sauti kan karɓi kuɗin aikinsu sannan a ƙara musu ɗan kaso, kuma dokar zamanantar da harkar kiɗa ta 2018 ta tabbatar da hanyar da SoundExchange, ƙungiyar da ke tara wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, ke biyan furodusa da mai miksin kai tsaye idan mawaƙi ya sa hannu a takardar umarni. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, wato alƙawarin baki ba zai tsaya maka ba. Ka kuma tuna tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba. Kaso ƙari ne a kan kuɗin aiki, ba madadinsu ba, kuma sai da takarda.

Kayan aiki ba su bambanta sosai ba, don haka ba zan daɗe a kai ba. Andrew Scheps, wanda ya ci Grammy, ya bar babban teburin haɗa sauti ya koma yin komai a cikin kwamfuta, har da hedifon yake aiki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, laftof da hedifon mai kyau da ƙaramar sola sun fi babban ɗaki mai janareto ma'ana ga mai farawa. Abu ɗaya da zan dage a kai shi ne manhajar sata. Haƙƙin wani ne, sannan ita ce ke rufewa a daren da za ka miƙa aiki, ko ta ƙi buɗe tsohon aiki bayan wata shida lokacin da mai shi ya dawo neman kiɗa zalla. Lasisin manhajar haɗa sauti ta Reaper na ƙananan masu sana'a dala 60 ne, kuma ya isa a yi aikin da za a biya.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne? Idan Turancinka na rubutu yana da kyau, kana da wuta da intanet da za ka iya dogara da su, kana da abin da za ka ci na wata shida ko da aiki bai zo ba, kuma kana da waƙoƙi biyar ko shida na Afrobeats ko hip-hop da za su tsaya kusa da na kowa, gwada waje ba laifi ba ne. Amma kada ka shiga a matsayin mai haɗa kowane irin sauti. Ka shiga a matsayin wanda ya san kiɗan Afirka ta Yamma, domin a nan ne layin ya gajarta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya ɓace, kuma ga yawancin masu farawa biyu ne ke ɓacewa, gida ya fi maka. Ka kafu a nan, amma ka ɗauko tsarin waje ka ɗora a kai.

Akwai kuma hanya ta uku da take tsakanin biyun, wadda nake ganin ita ce ainihin wajen mai haɗa sautin Hausa. Mawaƙan Maraɗi da Damagaram da Yamai, na Garwa da Ngaundere, na zangon Kumasi da Nima a Akara, da 'yan uwa mazauna Sudan da Saudiyya da Turai, duk suna waƙa da Hausa kuma suna sauraron abin da ke fitowa daga Kano. Su ma daga nesa za su turo aiki, amma ba ta hannun wani shafi mai cin la'ada ba, kuma ba ka gogayya da ɗan Poland a kansu. Sefar Nijar da ta Kamaru da Chadi a ɗaure suke da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, saboda haka ba sa zubewa yadda naira ke yi. Waɗannan mutane ta hanyar waƙar da ka haɗa a gida za su san ka, wanda ya sake nuna cewa daga gida ake farawa.

Tsarin da nake nufi ba ya buƙatar lauya. Saƙo ɗaya ne a WhatsApp kafin a fara, wanda mai aiki zai amsa da "na yarda". Misali: "Malam, haɗa wannan waƙa naira kaza ne. Rabi kafin alƙalami, ciko kafin in miƙa. Gyara biyu na ciki, na uku da kuɗinsa. Zan kammala ranar Alhamis in Allah ya yarda. A sa sunana a matsayin mai miksin duk inda aka ɗora ta." Kwafin da za ka tura don a saurara kafin ciko ya zama MP3 mai ɗauke da tambarin muryarka a tsakiya, WAV mai tsabta sai alat ya shigo. Idan babba ne wanda ba ka iya yi masa maganar kuɗi ido da ido, ka sa wani ya riƙe maka wannan ɓangaren, ƙaninka ko abokin aikinka, ka ce shi ke kula da lissafi. Ka yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe mata asusu daban da na cefane. Ka kuma faɗa tun farko tsawon lokacin da za ka ajiye fayilolin mutum, a ce shekara ɗaya, a wuri biyu daban, bayan nan nemo su da sake buɗe aikin yana da nasa farashin.